Miliyan Sha Bakwai da Dubu Ɗari Uku

Sau uku Munira tana latsa kalkuleta, sau uku amsa ɗaya ke fitowa. Ita ce akantar kamfanin taki da hatsi na Alhaji Maikuɗi a Gummi, kuma kwana biyu ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke shi a hanyar Anka. Sun ba da wa'adi zuwa Juma'a. Sun ce miliyan sha bakwai da dubu ɗari uku, ko a zo a ɗauki gawa.

Tasi'u, ƙanin Alhajin, yana tsaye a kanta, idanunsa jawur.

Ta yi masa bayani. A takarda kamfanin lafiya lau yake: kowace naira ɗaya da ake bin su, suna da biyu. Amma rabin biyun nan buhuna ne jibge a sito, kuma buhu ba ya zama kuɗi cikin kwana uku. In an cire buhunan, sai abin da ke banki da abin da dilolin Bukkuyum za su biya a makon nan. Wannan ne lissafin da ba ya ƙarya. Ta sha gaya wa Alhaji haka, shi ko ko kallon takarda ba ya yi, sai ya ce ciniki a ka yake.

"Malama, kuɗɗin na nan," in ji Tasi'u. "Abin da sunka ce, shi za a ba su. Sake dubawa dai."

Ta sake. Miliyan sha huɗu da dubu ɗari uku. Tsoro ya kama ta sosai, don giɓin miliyan uku ran mutum ne.

Sai wutsiyar kuɗin fansar ta tsaya mata a rai. Ɓarayin daji ba sa yanka farashi da dubu ɗari uku a ƙarshe.

Ta tuna ranar Litinin, kafin a ɗauke Alhaji, ta ƙirga cakin wani dila na miliyan uku sau biyu, jimillar ta fito miliyan sha bakwai da dubu ɗari uku cif. Ta gano da safiyar Talata ta gyara, kunya ta hana ta gaya wa kowa.

Tasi'u ya sunkuyo. "Mi kinka gani?"

Ta ce ba komai, ta kifa takardar. Lissafin mai kuskuren kwafi ɗaya tak ta buga, kuma Tasi'u ne ya karɓa a hannunta ranar Litinin ɗin, ya ce banki zai kai.