Hayaƙin Tasin Dabo

Abdulgani makaniki ya zaro kwalbar daga ƙarƙashin kujerar direba, ya wurga ta cikin kwata. Ita ce ta uku da ya tsinta a satin nan. Ruwa ne mai kauri kamar zuma, ana tsiyaya shi cikin baƙin mai, wai yana hana tsohon inji hayaƙi.

Mai sayar da ita Shamsu ne, wanda ya kafa tebur jikin katangar garejin Abdulgani a Titin Koudoukou wata shida da suka wuce. Tun ranar ba su taɓa gaisawa ba. Direbobin da suka saba kawo mota a buɗe inji, yanzu a teburin suke tsayawa, su sayi kwalba su wuce. Shamsu kuma bai ɓoye cewa filin garejin yake so ba. Sau biyu yana zuwa wajen mai filin.

Aiki ya yi wa Abdulgani ƙaranci. Cikin wata guda babban aiki ɗaya ya samu. Wata mata mai suna Ummuhani ta kawo inji a kura daga unguwar Miskine, ta ce na motar marigayi mijinta ne, ba ta son ya mutu a tsakar gida. Bai da abin yi, sai ya zauna masa. Ya canza ringi da fistin, ya yi wa gefen da ya tsage walda, ya goge, ya auna, ya sake aunawa. Duk haushin da yake ji na Shamsu a injin nan ya sauke shi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci abin ya fashe. Shamsu na tsaye kan benci yana tallarsa da yaren Sango da Hausa, Abdulgani ya ratsa taron.

“Ƙarya kake, kuma ka san ƙarya kake! Ƙarfen da ya cinye, ruwa ba ya mayar da shi. Kwana biyu zai rufe hayaƙin, sannan ya kashe injin.”

Shamsu bai sauko ba. “To zaɓi motar da ta fi kowace hayaƙi a unguwar nan ta Kilomita Biyar a zuba mata, tsoho. In ta daina, ka bar mini filin. In ba ta daina ba, ni zan bar titin.”

Abdulgani bai sha wahalar zaɓe ba, don tasin wani direba, Dabo, na fake a tsallaken titi. Kowa ya san ta. In ta wuce, masu tireda sai sun rufe kayansu, masu babur su toshe hanci. Shekara biyu Abdulgani na gaya wa Dabo a buɗe injin, har ya taɓa kiran sa matsolo a gaban fasinja. Wannan injin ya san cikinsa kamar aljihunsa.

Ya rantse a gaban dattawan layin, Shamsu ma ya rantse. Aka tsiyaya kwalba biyu. Shamsu ya ce sai magani ya yi sati yana zagaya inji. Dabo ya ja motarsa cikin baƙin hayaƙi, ya ce yana da lodi zuwa garin Boali.

Satin nan Abdulgani ya yi shi cikin nishaɗi. Ummuhani ta zo ta ɗauki injinta tana sa masa albarka. Shi kuwa har ya fara tunanin inda zai ajiye tayoyi in teburin ya tashi.

Juma'a ta zagayo, titin ya cika har masu canji sun bar kujerunsu. Dabo ya murza makulli. Aka kara farin ƙyalle a bakin salansa, ya taka mai, ya sake takawa. Ƙyallen ya fito fari tas.

Abdulgani ya ce a sake. Aka sake. Ya durƙusa ya shaƙi iskar salansar da hancinsa, babu komai. Injin na tafiya sumul, da irin sautin da makaniki ke ji ransa ya yi sanyi. Shi nasa ran baƙi ya yi. Taro ya ɗauki ihu, hannaye suka yi caa a kan kwalabe.

Bai yi gardama ba, rantsuwa ce. Ya cire makullin gareji ya jefa a kan teburin.

“Singila, tsoho,” Shamsu ya gode masa da Sango, ko kallonsa bai yi ba.

Da la'asar Abdulgani ya fito da akwatin sifanunsa a kafaɗa. Dabo na bakin titi ya ɗaga murfin mota yana ƙara ruwa, da ya hango shi sai ya yi sauri zai rufe. Abdulgani ya tare murfin da hannu. An shafe injin da baƙin mai da ƙura kamar tsoho. Ya sa babban yatsa ya goge gefe ɗaya, waldarsa ta bayyana, sabuwa fil. Injin Ummuhani ne aka ɗora wa tasin, wanda ya gyara da hannunsa.