Gangaren Gonar Latas

Darlene ta tarar da bishiyar rabinta a wuta. Shekara tara ke nan, duk lokacin sanyi a gindinta take ajiye motarta mai ɗakin kwana, a hamadar Yuma ta Amurka. A gindin nan ta binne tokar gawar mijinta. Wendell, sabon zuwa daga Ohio, shi ya sassare ta yana gasa nama.

"Filin gwamnati ne, tsohuwa," in ji shi. "Ko ubanki ya dasa?"

Ta haɗiye kukanta, ta yi murmushi. "Ba komai, maƙwabci. Amma ƙatuwar mota irin taka ta fi ƙarfin nan. Koma gangaren can kusa da gonar latas, ga fili, ga sabis."

Ya koma can da motarsa yana ta yin fito. Ranar Alhamis manoma suka saki ruwa a gonar, rarar ta biyo gangaren kamar kowane mako. Motar ta nutse har ƙofa.

Ya kira mai motar janwe, wanda shi kaɗai ne a yankin.

"Ba zan samu zuwa ba sai watan Maris, yallaɓai," in ji mutumin. "Af, Mama Darlene ta ce in gaishe ka."