Zomaye Shida a Kan Sanda

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuni, da ƙarfe goma da kwata na safe aka fara wannan zalunci. Ranka ya daɗe, shugaban 'yan duba-gari, ba zan kama sunan kowa ba, misali zan ba ka, kai ka san mutanenka.

Akwai wani mai kiwon zomaye da ya shekara goma sha ɗaya yana sayar da namansu a kasuwarmu. Kowa ya san zomo in an feɗe shi an cire kai, da shi da kyanwa sai mai ido. Don haka yakan bar wa kowane zomo kunnuwansa da ƙafar baya ɗaya da gashinta, mai saye ya gani da idonsa, hankalinsa ya kwanta. Sai ofishinku ya fito da doka: a kai zomo mahauta, a duba shi, a cire kai da ƙafafu, a buga masa hatimi kafin ya shiga kasuwa. Mutumin nan bai yi gardama ba. Ya kai zomaye shida, ma'aikacinku ya duba hanta da huhu ya ce lafiyarsu lau, ya sa aka datse kawuna da ƙafafu aka zuba a bokiti. Da ya ɗauko hatimi, sai ya tarar tawada ta bushe. Ya ce masa, "Baba, je ka kasa kayanka, yanzu zan biyo ka in buga." Bai biyo shi ba. Wanda ya zo wani ne daga ofishin nan naku, ya ga nama ba kai ba hatimi, bai tambayi kowa ba, ya ɗaga ɗaya sama ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga mai ci da ku kyanwa!" Innalillahi! Ya rataya duka shida a kan sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya bi da su ta layin 'yan tumatir, ta rumfar mahauta, har bakin tasha, dattijon yana biye da shi yana rantsuwa, kasuwa tana ihu. Shaidar da za ta wanke shi tana can cikin bokiti, kuma dokarku ce ta jefa ta ciki.

Washegari likitan dabbobi ya duba naman, aka ɗauko kawunan shida aka jera, ya ce zomaye ne. A ina aka faɗa? A cikin ofis, ƙofa a rufe, mutum uku ne shaida. Aka ce da shi ya yi haƙuri, an samu kuskure, in yana so a biya shi namansa. Ya ce ba ya so. Yau sati biyar ke nan ba wanda ya tsaya a gaban tirensa. Mai tsiren da yake karɓar zomo biyu kowace Juma'a ya sauya hanya. In ya wuce majalisa sai wani ya yi kukan kyanwa, a fashe da dariya. Abin da ya fi girgiza ni, matarsa ta aika wa maƙwabciyarta ta shekara ashirin kwanon miya kamar yadda suka saba, aka dawo da shi a rufe, ko murfin ba a ɗaga ba. Na same shi zaune gaban akurkin zomayensa yana ba su ganyen dankali, na ce ya kai ƙara a hukunta mai hatimin. Ya ce, "Malam, wancan mantuwa ya yi, kowa yana mantuwa. Wanda ya zaga kasuwa da ni, shi ne ba na iya barci saboda shi."

Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli. In na ce wa ɗalibi a gaban aji ya faɗi jarrabawa, daga baya na gane ni ne na yi kuskuren lissafi, a gaban ajin nake gyarawa, ba a bayan ofishin hedimasta ba. Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Ranar Laraba mai zuwa, ƙarfe goma da kwata, ma'aikacin nan da ya rataya zomayen ya ɗauki lasifika ya bi ta layin 'yan tumatir, ta rumfar mahauta, har bakin tasha, ya faɗa da muryar da ya yi shelar farko cewa zomaye ne, shi ne ya yi kuskure, yana neman gafarar dattijon nan. Ku riƙe kuɗin namanku, ku mayar masa da sunansa inda kuka zubar da shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.