Babban Ɗan Kaka

A gaɓar tekun Binh Dinh babu mai kiran kifin wel, ƙaton kifin nan na teku, da sunansa. Kaka ake ce masa, a sunkuyar da kai. Ana kuma sayar da tikitin kallonsa.

Thinh, mai otal a birni, bai taɓa shiga jirgin kallo ba sai ranar da tsoho Bay Luom, mai irin wannan jirgi, ya gayyace shi. Saura mako guda ya auri Nhan, 'yar tsohon. Tun da aka sa rana Luom bai sake masa fuska ba, wataƙila saboda matar Thinh ta farko, wadda ta yi ta faɗowa daga matakala har ta rasu. Nhan dai ta ce zargin da ake wa Thinh sharrin mutane ne.

"Hau gaba, ɗana," in ji Luom, ya miƙa masa madubin hangen nesa. "Idona ya tsufa. Ku 'yan birni kun fi mu gani."

"Ashe ka sani, Baba," Thinh ya ce yana dariya.

Sauran jirage suka bi tsuntsaye arewa. Luom ya miƙe kudu, ko waige bai yi ba. Baƙi 'yan kallo da ke cikin jirgin suka fara gunaguni, wata ta yi amai. Ma'aikatan jirgin biyu suka ga ya kamata su duba inji a lokaci guda.

Suna zagaya wani tsibirin dutse, Thinh ya hango baƙin abu da ya fi jirgin tsawo.

"Ga shi can! Ni na fara gani, ku shaida."

Wayoyin baƙi suka shaida.

Sai iska ta juyo da wari. Kaka ba ya numfashi. Cikinsa ya kumbura, tsuntsaye na tsattsagarsa.

Luom ya kashe inji, ya kunna turare, ya zaro farin ƙyalle daga aljihu ya ɗaura wa Thinh a goshi.

"Wanda ya fara ganin gawar Kaka shi ne babban ɗansa. Kai za ka ja makoki."

"To, na kwana nawa?"

"Irin na uba mana. Shekara uku. Ba biki, ba aure."

"Haba Baba, kifi ne fa."

"Maimaita haka a ƙauye, mu ga mai ba ka ko kujera, balle 'ya."

Da la'asar jirage suka taru don jan gawar zuwa gaɓa, Thinh na tsaye a gaba cikin fararen kaya, jijiyar wuyansa a tashe. Aka ja, Kaka ya ƙi motsi. Wani masunci ya nutsa, ya tarar da igiya ɗaure a wutsiya, ɗaurin gwani, ƙarshenta can ƙasa a jikin anka, ƙarfen tsayar da jirgi. Ya yanke ta, ya fito ya ce a ja.

Washegari Luom ya shiga kasuwa ya sayi sabuwar anka.