Kwalin Ashanar Neda

Haƙorin Neda na fita ta wuce ni a guje, sai wajen kakarta.

Kishi ya turnuƙe ni. Shekara biyu ina aikatau a Jamus, surukata tana more 'yata a ƙauyenmu na Bulgeriya.

"To Mama, ku je ku jefa wa hankaka haƙorin a kan rufi yadda aka gada, ya kawo mata na ƙarfe," na ce. "Ai kun saba. Ni baƙuwa ce."

"Ji shashanci," in ji tsohuwar, ta miƙa wa Neda kwalin ashana.

Neda ta juye shi a tafin hannuna. Haƙora huɗu, ga na yau na biyar.

"Ni na hana Kaka jefawa," ta ce. "Na ce hankaka ya jira sai kin dawo."