Kwalaben da Baba ya mayar shago

Ina shekara takwas, ba mu daɗe da zuwa Birmingham daga Kano ba, Baba ya ce in raka shi shago a Stratford Road. Ya wanke kwalaben lemon da muka sha tas, ya zuba su a leda. A hanya ya ga wasu a yashe bakin titi, ya sunkuya ya tsince su, da kwat ɗinsa ta zuwa jami'a.

"Baba, shara ce fa," na ce.

"Kwalba ba shara ba ce, ta mai shago ce. Lemon kawai muka saya."

Haka ake yi a gida Kano: ka sha, ka mayar da kwalba. Baba ya jera su a kan kanta. Mai shagon ya fashe da dariya, ya kira matarsa ta zo ta gani, ya ce nan ba bola ba ce. Ya nuna mana kwandon sharar hukuma a waje, wanda ya cika har yana zuba ƙasa.

 Baba ya kwashe kwalabensa muka juya gida, suna ta ƙara a leda, mutane suna waiwayenmu. Har yau ƙarar tana kunnena.

Yanzu a ƙasar nan ana ta zancen dokar mayar da kwalba da gwangwani don a tsabtace titi, ana yabon dabarar. Baba ya rasu. Lokacin da ya yi, ƙauyanci ne. Yau sunansa ci gaba.