Buhu Biyu a Gurbin Daso

Tun da aka kafa dokar nan, kowace saniya da jaka take yawo a ƙarƙashin wutsiya. Kashin na kamfanin takin zamani ne, ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa.

Yau na taka har ofishinsu, na buga sandata a teburin wata ma'aikaciya.

"Ke 'yar nan, ku maido min da Daso!"

"Iya, wace ce Daso?"

"Bafulatanar da ke sauka a gonata duk kaka. Shanunsu su ci kara su bar min taki, mu kuma mu dama fura muna gulmar mazajenmu. Yanzu kun killace su a bakin injinku."

Ta duba na'urarta. "Ai dawarki ta ninka, Iya."

"Dawar ce za ta yi min hira?"

Ta ba ni haƙuri, ta sa aka kai min buhu biyu na taki kyauta. Allah ya isa!

Ga su nan a gindin tsamiya, inda Daso ke kafa bukkarta. Ba wari, ko ƙuda bai sauka ba. Na zauna a kan ɗaya har la'asar, ina gaya wa ɗayan abin da ke ci na.